Ba Dole Sai Kakanka Ya Fito Daga Bagadaza Ba



Duk mai karanta littattafanmu na wannan zamani, na kasuwa ko na waya, ya san wurin nan da marubuci ke tsayar da labari ya ce, "Wane ne Alhaji wane?" Daga nan kowa ya san abin da zai biyo baya. Mahaifin jarumi Bafulatanin Adamawa ne, mahaifiyarsa Shuwa ce, kakarsa kuwa Balarabiyar Yaman, shi ya sa gashin ƙanwarsa ya sauka har gadon baya. Da wuya ka ci karo da jarumin da kakansa majemi ne, ko mahauci, ko wanzami, ko Bamagujen da ya musulunta da furfura a kansa. A ƙagaggen labari wannan ragwancin tunani ne kawai, mai karatu zai yi tsaki ya wuce. Inda abin ke zama ɓarna shi ne ranar da muka zauna rubuta tarihin kakanninmu na gaske, sai wannan ɗabi'a ta biyo mu. Na sha karanta ƙananan littattafan tarihin zuri'a da ake rabawa a taron dangi, kusan duk hanya ɗaya suka bi: wani malami ya taso daga gabas, ya sauka a gindin tsamiya, sarki ya ba shi 'yarsa, shi ke nan.

Ra'ayina shi ne, duk mai son zama marubuci ya kamata ya ɗauki kaka guda ɗaya, namiji ko mace, ya bi sawun rayuwarsa tun kafin ya fara littafinsa na gaba. Sharaɗin kawai shi ne ya rubuta abin da ya tarar, ko da bai yi masa daɗi ba.

Dalilin gaggawar a fili yake. Tsohuwar da aka haifa a 1940 yanzu ta haura tamanin. Tana yarinya ta zauna a gaban mutanen da suka ga shigowar Turawa Kano da Sakkwato a 1903 da idonsu, ta ci tuwo daga hannun waɗanda suka yi ciniki da wuri. Kunne ɗaya ne tsakaninmu da waccan duniyar, kuma kullum ana ɗaukar masu irin wannan kunne zuwa makwanci. In suka ƙare, abin da zai rage mana shi ne abin da aka riga aka rubuta, wanda galibinsa tarihin sarakuna ne. Tsohon kundin tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda, Alhaji Abubakar Dokaji ya bi da Kano Ta Dabo Cigari, kuma kusan kowace masarauta tana da irin nata. Ayyuka ne masu daraja. Amma manomin da ya ciyar da birnin da matar da ta kaɗa zaren rigar sarki ba su da suna a ciki.

Idan ka nemi talakan ƙasar Hausa na ƙarni na 19 da ya ba da labarin kansa aka rubuta, sunaye biyu za su fara zuwa maka. Na farko Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen nan Barth har Ingila a 1855, inda wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa da Hausa. Ta biyu Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a kan iyakar Kano da Zazzau. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. Ku lura, duka biyun baƙi ne suka riƙe alƙalamin.

Abin da ya sa har yau ake karanta labarin Baba a jami'o'in duniya shi ne ba ta yi wa danginta kwalliya ba. Ta faɗi cewa asalinsu Barebari ne, ta faɗi cewa gidansu na da rinji da bayi, ta ba da labarin yadda mahara suka sace nasu mutanen aka biya fansa da wuri, ta ƙirga aurenta huɗu da yadda wasu suka mutu, ta faɗi cewa ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta raina. Da jikanta ne ɗan zamani ya rubuta, ina jin tsoron da rabin wannan ya tafi da sunan rufin asiri, a bar mu da "ta kasance mace mai haƙuri da son zumunci." Wannan jimla ta dace da kowace tsohuwa a duniya, don haka ba ta gaya mana komai a kan kowa ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, ko da yake na san da yawanmu gudun lissafi ne ya kawo mu adabi. Kana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, sai 16, sai 32. Hawa biyar ke nan, kuma idan aka ba kowane hawa shekara 30, ka koma wajen 1870. Auren zumunci zai rage adadin kaɗan, amma dai mutum kusan talatin ne suka haɗu suka zama kai. A cikinsu mutum ɗaya tak muke zaɓa, wanda ya fi rawani, mu ce shi ne asalinmu. To sauran fa? Masana tarihi irin su Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 bayin da ke cikin Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Dokar Turawa ta ce yaran da aka haifa daga Afrilun 1901 'ya'ya ne, amma bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Waɗannan miliyoyi ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Sun yi aure, sun haihu, jikokinsu mu ne. Amma je ka taron dangi ɗari, ba za ka ji gida ɗaya da ya ce daga rinji ya fito ba. Abin mamaki, gidajen sarauta ba su cika ɓoye wannan ba, domin sarakuna da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, kuma shari'a ta ba ɗan ƙwarƙwara 'yanci da gado daidai da ɗan matar aure. Talaka ne ya fi jin kunyar abin.

Akwai lissafi na biyu ga masu kai salsalarsu Makka da sunaye bakwai ko takwas. Daga zamanin Sahabbai zuwa yau shekara 1400 ce da ɗoriya, wato ana bukatar ubanni sama da arba'in a jere. Akwai gidajen sharifai da malamai masu rubutacciyar salsala da suka gada, waɗannan nasu daban ne, sai a ɗauki hoton takardar a adana. Amma wanda ya tashi da sunaye bakwai ya cike gurbin da "aka ce", ya tuna cewa addinin da yake son jinginuwa da shi ya yi kashedi mai tsanani a kan mutum ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba.

Wani abin lura a gefe: sunan Dantata, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan sunayen dukiya a Afirka ta Yamma, ya samo asali ne daga Tata, tsohuwar da ta raini Alhassan yana yaro a Bebeji. Sunan mai raino ne ya rayu har yau, kuma bai rage wa gidan komai ba.

Haɗarin da ya fi kama marubuci ba ƙaryar da yake shiryawa da gangan ba ce, ƙaryar da ake yi masa ce don a faranta masa. Misalin da ya fi shahara shi ne na Alex Haley, Baƙar fatan Amurka da ya fitar da Roots a 1976. Ya taso da labarin da tsofaffin gidansu ke bayarwa na wani kaka da aka sato daga Afirka. A 1967 ya je ƙauyen Jufure a Gambiya, wani dattijo ya zauna ya ba shi labarin Kunta Kinte da ya fita saran itace bai dawo ba, daidai da abin da ya ji a gida. Littafin ya girgiza duniya, aka yi fim, dubban mutane suka shiga neman asalinsu saboda shi. Daga baya masu bincike suka gano cewa labarin abin da Haley ke nema ya riga shi isa ƙauyen, kuma dattijon ba cikakken marokin tarihi ba ne irin wanda ya gaji aikin. Wasu kuma suka duba takardun jihar Bajiniya, suka tarar bawan nan Toby, wanda Haley ya ce shi ne Kunta Kinte, yana cikin takardun iyayen gidansa shekaru kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso a 1767. Littafin bai daina zama babban adabi ba, amma a matsayin tarihin gidansu ya samu tawaya.

Wannan na iya faruwa da kowannenmu gobe. Ka je ƙauye da mota, ka sauka da goro da turmin atamfa, ka ce, "Baba, an ce kakanmu Bafulatani ne daga Malle, ko?" Me kake jira ya ce? Tsoho ba zai kunyata baƙon da ya kawo masa alheri ba. Zai ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana, haka muka ji." Ka riga ka ba shi amsar a cikin tambayar. Maroƙi kuwa sana'arsa ke nan, kirarin da zai yi wa kakanka gwargwadon abin da ya hango a aljihunka ne. Kirari na da amfani, sau da yawa yana ɗauke da sunan gari ko sana'a ko wani yaƙi da aka manta, amma a matsayin kirari za ka rubuta shi.

Tambayar da ke fito da gaskiya ƙarama ce. Wa ya yi masa kaciya? A wace gona aka binne shi? Wace irin tsaga ce a fuskarsa? Da wane harshe yake zagi in ransa ya ɓaci? Su wa yake wasa da su, Barebari ko Zage-zagi ko Yarbawa? Me ba a ci a gidansu? Wa ya goya wa? Mutum na iya gyara asalinsa a baki, amma ba ya tuna ya gyara irin waɗannan. Idan aka ce maka kaka Bafulatani ne, sai ka ji tsagarsa irin ta Gobirawa ce kuma abokan wasansa Yarbawa ne, ka samu zaren da za ka ja. Kuma ka tambayi mata. Maza sun fi riƙe jerin ubanni da muƙamai, mata su ne suka san wa aka saka, wa aka auro daga ina, wa ya sha nonon wa, wace ce ta shigo gidan ba da sadaki ba. Gwaggon da kowa ke cewa ta cika surutu ita ce ɗakin karatunka. In akwai ɗakuna biyu da ba sa ga maciji tun rabon gado, ka ji ta bakin kowanne daban, domin abin da wannan ya rufe wancan zai buɗe.

Sunaye kansu takardu ne. Ba mu da sunan zuri'a tsayayye irin na Turawa, sunan uba kan sauya a kowane hawa, makarantar boko kuma ta liƙa wa mutane sunan garinsu, kamar yadda muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Ga kuma alkunya: kakarka na iya shekara sittin da mijinta ba ta taɓa furta sunansa ba, ɗanta na fari ma haka, don haka sunan yanka sai ka nema a wajen wani. Amma laƙabi na biyan bashin. Tanko ya gaya maka mata ya bi, Kande ko Delu maza ta bi, Gambo tagwaye ne a gabansa, Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Ajuji da Barau sun nuna uwarsu ta sha binne 'ya'ya kafin su. Daga laƙabi ɗaya ka san wani abu game da ɗakin da aka haifi mutum shekara ɗari da suka wuce.

Shekaru kuma kada ka tambaye su da lamba. Tsohon da ya ce maka kaka ya yi shekara 120 yana nufin ya tsufa ƙwarai. Tambaye shi da abin da ya faru. Yana da wayo lokacin Basasar Kano, wadda aka fara a 1893? Ya yi aure kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911? Ina yake lokacin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko annobar Marisuwa ta 1918, ko 'Yar Buhu ta 1927, ko 'Yar Gusau ta wajen 1942? An ɗebe shi Yaƙin Bama? Ya ga zuwan Sarauniya a 1956? Ya riski canjin kuɗi na 1973? Sunayen yunwa kan bambanta daga yanki zuwa yanki, saboda haka ka rubuta sunan da aka faɗa maka yadda aka faɗe shi, daga baya ka daidaita. Da irin waɗannan turaku uku ko huɗu za ka iya ɗaure rayuwar mutum tsakanin shekaru biyar.

Sai takarda. Fara da adakar gida: takardar gona, rasit ɗin haraji da jangali, littafin sallamar soja, fasfon aikin hajji, da gefen shafukan littattafan malamai inda sukan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa da ajami. Bayan nan akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Arewa House, da Gidan Dan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada ka tafi da zaton za ka ga sunan kakanka a rahoton Di'o. Abin da za ka samu shi ne garinsu: yawan masu biyan haraji, sana'o'i, jerin dagatai, shekarar da fari ya ci amfanin gona. Inda sunan talaka ya fi fitowa shi ne kotu, wajen rabon gado da rikicin gona da shari'ar fansar kai. An ma tattara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 an buga su, kuma mai karanta su zai ga talakawa na magana da bakinsu. Gwajin jini na zamani da ake aikawa Turai kuwa zai ba ka kaso-kaso na yankuna, ba zai ba ka sunan kakanka ba.

In aka ce maka kaka "ya tafi bai dawo ba", tambayi ta wace ƙofa ya fita. Wanda ya yi yamma da jakuna mai yiwuwa fataucin goro ne ya kai shi Gwanja, zuri'arsa na iya kasancewa a zangon Salaga ko Kumasi. Wanda ya yi gabas ko dai hajjin ƙasa ne, ko yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda bayan yaƙin Burmi na 1903 ragowarsu suka kafa Mai Wurno a Sudan.

Yadda za a zuba duk wannan a rubuce ba sai mun aro daga kowa ba. Malaman hadisi sun riga sun koya mana isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi ya gani ko an gaya masa. Ka bambanta wa mai karatu abu uku, abin da ka gani a takarda, abin da ganau ya faɗa maka, da abin da ake faɗa kawai. Inda ruwayoyi biyu suka saɓa, kawo su duka. Inda zaren ya tsinke, bar shi a tsinke. Kuma ka bar wa tsohuwa Hausarta. In Basakkwatiya ce ko Bagobira, kada ka mayar da ita Bakanuwa don neman daidaitacciyar Hausa, rabin tarihin a cikin lafazinta yake.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi: wannan ai tonon asiri ne. Sutura abu ce mai girma a wurinmu. Har gobe ana binciken asali kafin aure, kuma ana fasa aure saboda kalma ɗaya da wata tsohuwa ta furta. A Nijar sai a 2003 aka yi dokar da ta mayar da bautarwa laifin da ake hukuntawa, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata da aka riƙe a matsayin baiwa. Wato maganar ba ta mutu ba. Marubucin da ya wallafa cewa kakar kakarsa kuyanga ce, ba kansa kaɗai ya taɓa ba, ya taɓa ƙannensa mata da ba su yi aure ba, da 'ya'yan baffanninsa da ba su san yana rubutu ba.

Amsata ita ce, rubutawa daban, wallafawa daban. Rubuta komai, domin in ba ka rubuta ba ya tafi har abada. Abin da za ka fitar wa duniya kuwa sai da shawarar waɗanda abin ya shafa, kuma wani sashe na iya jira shekara ashirin a cikin akwati ba abin da zai same shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire gaskiya a dasa ƙarya a gurbinta. Yin shiru a kan kuyangar haƙƙinka ne, mayar da ita 'yar sarkin Agadas kuwa zalunci ne a kanta, an sake raba ta da sunanta karo na biyu. Akwai kuma iyakar da ba ta da sassauci: idan bincikenka ya nuna kakanka ne mai rinjin, kana iya faɗin haka, amma ba ka da ikon ambaton gidajen da suka fito daga rinjin nan. Wannan labarinsu ne, su ke da ikon faɗa ko yin shiru. Wanda kuma ya ga labarin ya fi ƙarfin a faɗe shi da sunaye, ya sauya sunaye da gari, ya rubuta a bangon littafin cewa ƙagagge ne. A nan ma an ci riba, domin adabinmu zai samu jarumar da kakarta ta biya murgu ta fanshi kanta, maimakon wata Balarabiyar Yaman ta ɗari.

Ga wanda zai fara a wannan mako: nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya a wayarka, kuma a farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata da sunan gari da sunan mai magana da dangantakarsa da wanda ake magana a kai. Kada zama ya wuce awa ɗaya, tsofaffi na gajiya, kuma abin da ya fi daraja sau da yawa sai a zama na uku yake fitowa, bayan an daina ɗaukarka baƙo. A daren ranar ka kwafe hirar a takarda tun kana tuna inda ta yi dariya da inda ta yi shiru, sannan ka tura muryar ga mutum biyu cikin dangi, saboda waya na faɗawa ruwa.